Takardar Larabci a Shahadar Sudan: inda makin yaranmu ke zuba

Ranar da Ma'aikatar Ilimi ta tara 'yan jarida ta karanta sakamakon shahada, wato jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajen Hausawa tun daga Mai Wurno har Gadarif, Kassala da Bur Sudan: "Nawa ya kawo?" Idan nisbar, wato kason da ɗalibi ya samu cikin ɗari, ta yi kyau a rangaɗa guɗa, a raba alawa. Idan ta gaza, nan take a ɗora wa lissafi ko Turanci laifi. Da wuya ka ji uba ya ce a duba masa abin da yaron ya samu a Larabci. A ganinsa, yaron da ke ciniki da Larabci a kasuwa, yake faɗa da shi a filin ƙwallo, ya kuma haddace izu 10 a khalwa, wato makarantar allo, tun bai kai shekara 12 ba, wace takardar Larabci ce za ta gagare shi? To a nan ɗin ne maki ke tsiyaya ba a jin ƙararsa, musamman wajen adabi da balaga.

Sai an san yadda ake fitar da nisba kafin a gane girman asarar. Darussa 7 ake lissafawa, kowanne a kan maki 100. Huɗu dole ne a kan kowa: Larabci, Turanci, tarbiyyar addini da lissafi. Sauran ukun sun danganta ga ɓangaren da ɗalibi yake, ko na kimiyya da ake kira ilmi, ko na adabi. Ɗan adabi yana da tarihi da labarin ƙasa, sai darasi na bakwai da zai zaɓa da kansa. A tara makin duka a raba gida 7, abin da ya fito shi ne nisba. Ke nan duk maki 7 da suka zube sun tafi da kashi 1. Yarinyar da ta ci 80 a darussa 6 amma ta samu 66 a Larabci, jimillarta 546, nisbarta 78 maimakon 80. Wanda ya taɓa buɗe dalilin karɓa, wato littafin jagoran ɗaukar ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, ya san cewa ba da kashi 2 ake rasa kwaleji ba, da ɗigo ake rasa ta, domin maki ɗaya tak ya kai kusan 0.14. Kuma Larabci yana cikin nisbar kowa. Mai son likitanci a Jami'ar Khartum ko ta Jazira ba shi da bakin cewa shi ɗan ilmi ne, babu ruwansa da waƙa.

Takardar ta awa 3 ce, kuma a cikin ɗan littafin tambayoyin ake amsawa, a gurbin da aka bari ƙarƙashin kowace tambaya. Ba a ƙara wa kowa takarda. Wannan gurbin kansa jagora ne: inda aka bar layi ɗaya, kalma ko jimla ake so, inda aka bar layi huɗu, amsar kalma biyu ba za ta ɗauki cikakken maki ba. Suna da raƙamul julus, wato lambar zama, a bango kaɗai ake rubuta su, kuma ana ɓoye su kafin takarda ta isa hannun mai gyara a kontrol, wato cibiyar gyaran jarrabawa. Shi kuwa mai gyaran ba ra'ayinsa yake bi ba. A gabansa akwai amsar da aka tsara, an yanka makin kowace tambaya gunduwa-gunduwa, yana neman kowace gunduwa a rubutun yaron. Abin da yaro ya sani a ransa amma bai sauke a takarda ba, babu mai biyansa. A cikin takardar akwai insha'i, da fahimtar nassi, da adabi, da balaga, da nahawu.

Matsalar farko ita ce yaronmu da harsuna uku yake shiga ɗakin jarrabawa, kuma wanda ake tambayarsa da shi shi ne wanda bai taɓa yin hira da shi ba. A gida Hausa, a titi darijiyya, wato Larabcin baka na Sudan, a takarda fus'ha, wato daidaitaccen Larabcin littafi. Darijiyya ce ta fi yi masa illa, saboda tana kama da fus'ha har ba ya jin lokacin da ya zame. Ƙafun da ake furtawa "ga" a titi, a kalmomin boko yakan koma gainun a bakin mutane da yawa, sai hannu ya bi baki. Sai ka ga insha'i a kan ranar 1 ga Janairun 1956, yaro yana son rubuta istiƙlal, 'yancin kai, ya rubuta istiglal, wato ci da gumin wani, tun daga take har ƙarshe. Haka sa mai ɗigo uku ke komawa sinun, zalun ya koma zayun. Ga kuma inda Hausa da darijiyya suka haɗa baki suka kayar da shi: mu muna cewa "yaron nan", a titi a ce "al-walad da", duka nunin yana bayan suna, alhali fus'ha "hazal waladu" take so. Muna cewa "yara sun fita", sai ya rubuta "kharaju al-aulad", bai tuna cewa aikatau idan ya riga mai aiki tilo yake zama ba, "kharajal auladu". Muna ce wa littattafai "su", sai ya rubuta "ha'ula'il kutub", alhali jam'in abin da ba mutum ba a fus'ha kamar mace ɗaya ake ɗaukarsa, "hazihil kutubu". Waɗannan ba jahilci ba ne, sabo ne, kuma jan biro ne kawai ke cire sabo.

A ɓangaren adabi, hadda ita ce gadonmu, kuma tana biya. Tambayar da ta ce a cike baiti ko a kawo baitocin da suka biyo bayan wane, yaron da ya tashi da allo yana cinye ta kafin na kusa da shi ya gama karanta ta. Sai dai wannan ɗan yanki ne. Sauran tambayoyin suna neman ma'anar kalma a inda ta zo, da jigon waƙar, da halin zuciyar da mawaƙin yake ciki, da sharhin baiti "da salonka". A wannan na ƙarshen ne ake faɗuwa. Yaro ya ɗauki kalmomin baitin nan dai, ya juya su gaba ya koma baya, ya sa "wato" a tsakani, ya ɗauka ya yi sharhi. Mai gyara kuwa ya gane bai fahimta ba.

Maganin da ya fi aiki ba ya bukatar kuɗin kos. A sa yaron ya faɗi ma'anar baitin da Hausa, yadda kakarsa da ke zaune a rumfa za ta gane. In ya kasa, bai san baitin ba, ya dai haddace sautinsa. In ya iya, sai ya mayar da abin da ya faɗa zuwa fus'ha mai sauƙi, jimla ɗaya ko biyu, da sharaɗin kada ya ari ko ɗaya daga cikin kalmomin mawaƙin masu wuya. Sa'an nan kowace waƙa ta samu shafinta guda a littafin rubutu: mawaƙi, zamaninsa da mazhabarsa ta waƙa, dalilin yin waƙar, babban jigo, jigon kowane rukuni na baitoci, kalmomi kamar 10 da ma'anarsu da jam'insu ko kishiyarsu, da adon harshe uku ko huɗu da aka warware. Shafi ɗaya, kada ya wuce. Abin da ya wuce shafi ba za a maimaita shi a daren jarrabawa ba.

Batun mazhabobin waƙa ma haddar sunaye ake yi masa, sai a kawo baiti a ce daga wace makaranta yake, yaro ya tsaya. Mawaƙan Sudan biyu sun isa misali. Muhammad Sa'id al-Abbasi, wanda ya rasu a 1963, ya bi turbar magabata: raƙumi, hamada, tafiya cikin ƙauyukan Kurdufan, kalmomi masu nauyi kamar daga bakin mutanen da. Tijjani Yusuf Bashir, ɗalibin Ma'ahadin Ilmi na Omdurman da ya rasu a 1937 bai kai shekara 30 ba, nasa kalmomin haske ne da ruhi da kyau da shakka, da ƙamshin sufanci, yana kallon cikin zuciyarsa. Wanda ya iya jin wannan bambancin a kalmomi zai raba mai raya tsohon salo irin al-Abbasi da ɗan rumansiyya irin Tijjani ko bai taɓa ganin baitin ba. (Masu ganin adabin Larabcin Sudan baƙon abu ne a wurin Bahaushe su tuna cewa Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib, babban malamin wannan fanni, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano a shekarun 1960, wadda ta zama Jami'ar Bayero.)

Balaga ce ta fi ba yara tsoro, kuma ita ce ya kamata ta fi yi musu sauƙi, don babu abin da ke cikinta da ba su ji a tsakar gida ba. Sunayen ne kawai baƙi. A ɗauki tashbihi, wato kamance. Ƙafafunsa huɗu: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar kamar. "Audu kamar zaki yake wajen jarumta", ga su nan duka. A cire "kamar", ya zama mu'akkad. A cire "wajen jarumta", ya zama mujmal. A cire su duka biyu a ce "Audu zaki ne", shi ne balig. Har yanzu dai Audu da zaki suna nan a jimla, don haka tashbihi ne. Da zarar ɗayansu ya ɓace, an shiga isti'ara. Bafade ya ce "Zaki ya fito", yana nufin sarki: an ambaci zaki, an ɓoye sarki, wannan tasrihiyya ce. A ce "yunwa ta cije shi": an ambaci yunwa, an ɓoye dabbar da aka kamanta ta da ita, an bar cizonta kawai, wannan makniyya ce. Musanya waɗannan biyun kuskure ne da malaman Larabci ke yawan gani. Gwajin kuwa tambaya ɗaya ce: wanne ne idona ke gani a rubuce, abin da ake magana a kansa ko abin da aka aro?

Ko an gane nau'in, saura rubuta shi yadda za a biya. Tambaya takan ce a bayyana hoton da ke cikin baitin kuma a faɗi nau'insa. Abu biyu ke nan. Ga amsoshin yara biyu a kan misalin yunwa. Na farko ya rubuta "isti'ara" ya wuce. Na biyu ya rubuta cewa an kamanta yunwa da dabba mai cizo, an share dabbar, an yi nuni gare ta da wani abu nata, wato cizo, saboda haka isti'ara ce makniyya. Dukansu sun gane abin, amma na farko gunduwa ɗaya ya ɗauka, wataƙila ma rabinta. Akwai ƙa'idar jimla da ake zuba wannan amsa a ciki, kuma ita ce ta cancanci hadda fiye da komai a balaga: "shabbaha kaza bi kaza, wa hazafal mushabbaha bihi, wa ramaza ilaihi bi shai'in min lawazimihi". Wanda ya riƙe ta, sunaye biyu kawai zai riƙa sauyawa.

Kinaya ma tamu ce. Balarabe ya ce wane mai yawan toka ne, yana nufin mai kyauta, domin gidan da ake yawan dafa wa baƙi shi ke tara toka. Mu mu ce tukunyar gidansa ba ta sauka daga murhu, ko mu ce da ɓarawo mai dogon hannu. Abin da ya raba ta da isti'ara shi ne ma'anar zahiri tana iya zama gaskiya: tokar tana iya kasancewa da gaske, amma yunwa ba ta da haƙori. A amsa sai an faɗi kinaya ce a kan me, kuma siffa ce, ko mai siffar, ko jinginawa. Majazi mursali kuwa shi ne inda alaƙar ba ta kama ba ce. "Gari ya fito tarbarsa", mutanen gari ake nufi. "Ya sha Nilu", ɗan abin da ya kamfata ake nufi. "Sarki ya baza idanu a kasuwa", 'yan leƙen asiri ake nufi. Tarkon yana wajen sa wa alaƙar suna, domin daga kalmar da aka ambata ake ɗauko sunan, ba daga wadda ake nufi ba. An ambaci gari, wuri ne, sai a ce mahalliyya. An ambaci Nilu dukansa, kulliyya. An ambaci ido, yanki ne na mutum, juz'iyya. Yara da dama suna juya wannan, su yi bayani daidai su ƙare da sunan da ya rushe shi.

Badi'i ba ya bukatar dogon zance. Kishiya ɗaya da ɗaya ɗibaƙi ne, biyu da biyu ko fiye a jere muƙabala ce, ƙirgawa kawai ake yi. A ilmin ma'ani kuwa, tambayar da ba amsa take nema ba ita ce ke rikita su, alhali kowa ya sha ta. Yaro ya shigo gida ƙarfe 12 na dare, uwa ta ce, "Sai yanzu ka ga damar dawowa?" Ba lokaci take tambaya ba. Wannan shi ne istifhamin da manufarsa taubikhi, wato faɗa. Mai ƙarfi ya bugi ƙirji ya ce "Wa ya isa?", manufarsa korewa, babu wanda ya isa.

Nahawu kuma i'irabi ne ke cin maki, don amsarsa ma gunduwa uku ce: matsayin kalma, halinta, da alamarta. Yaro ya rubuta "fa'il marfu'" ya tsaya, ko ya saba da cewa alamar damma ce ko'ina, ya manta da cewa a jam'in maza lafiyayye wawun ce, a tagwai alif ce, a sunaye biyar wawun ce. Waɗannan da sunan da ba ya karɓar tanwini su ne wuraren da mai tsara tambaya ke son ja wa layi.

Insha'i ne ake bari sai ƙarshe, a rubuta shi da hannu mai rawa. Mafi munin abin da muzakkirorin kasuwa, wato ƙananan littattafan taƙaita darasi, suka koya wa yara shi ne gabatarwa guda mai shiga kowane take, irin wadda alƙalami ke rawa, kalmomi ke cunkoso a ƙofar zuciya. Mai gyara ya karanta ta sau ɗari kafin ya yi karin kumallo. Gara jimla biyu masu sauƙi da suka taɓa taken kai tsaye. A ɗauki minti 5 a jera batutuwa huɗu ko biyar da za a yi magana a kansu, kowanne ya samu sakin layinsa. Aya ko hadisi ko baiti suna ƙara wa rubutu daraja, amma wanda ba a tabbatar da lafazinsa ba a bar shi, a faɗi ma'anarsa; aya da kuskure ta fi rashin aya muni. Rabon lokacin da ya dace da yawancin ɗalibai shi ne minti 10 na karanta takardar duka, 50 na nahawu da balaga tun kai yana sanyi, 45 na adabi, 25 na fahimtar nassi, 35 na insha'i, 15 na bita. A bitar nan hamza da harafin ta mai ɗauri da ƙafun da gainun kawai za a farauta, ba sake tunani ba.

Sai darasi na bakwai. Cikin abin da ɗan adabi ke iya ɗauka akwai dirasat Islamiyya, ilmin soja, Faransanci, zane da ƙira, da adabin Turanci. Yawancin yara inda abokai suka nufa suke bi, ko inda aka ce hadda ce zalla. Kafin a zaɓa, a buɗe dalilin karɓa a ga darussan da kwalejin da ake so take lissafawa, domin digiri yana bukatar cin darussa huɗun dole da kuma ukun da ita kwalejin ta ƙayyade. Adabin Turanci yana da riba biyu ga wanda ya iya, tunda karatun littattafansa yana ɗaga makin Turancin dole ma. Amma ba na kowa ba ne. Tun 1965 aka mayar da koyarwar sakandare zuwa Larabci, jami'o'i suka bi daga 1990, don haka yaron makarantar gwamnati bai da Turancin da ya wuce na littafin aji sai in ya nema da kansa. Ma'auni mai sauƙi: a buɗe masa shafi ɗaya na littafin da aka sanya, ya ja layi ƙarƙashin kalmomin da bai sani ba. In sun wuce biyar ko shida a shafi, zai ƙare shekara yana duba ƙamus, ya koma ga taƙaitawar muzakkira, ita kuwa ba ta amsa tambayar wa ya faɗi wannan, ga wa, a ina, kuma me ya sa.

Duk wannan lissafin na lokacin zaman lafiya ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawa a shekarar ba su zauna ba sai daga 28 ga Disambar 2024, na bayansu kuma daga 29 ga Yunin 2025. An buɗe cibiyoyi a waje, har da Masar da Saudiyya, yayin da ɗalibai masu yawa a Darfur ba su samu zama ba sam. Faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024 ta kwashe iyalai daga Jazira da Sinnar, cikinsu har da Hausawa da yawa, zuwa Gadarif da Kassala, inda ajujuwa suka zama ɗakunan kwana. Abin da wannan ya yi wa takardar Larabci a bayyane yake. Hadda tana bin mutum duk inda ya gudu, amma hannu yana mutuwa. Yaron da ya shekara yana karatu a fuskar waya, daga hotunan shafuka da ake turawa a WhatsApp, ya san baitocinsa, sai dai bai rubuta shafi biyu a jere ba tun barinsa gida, kuma awa 3 ba za ta ishe shi ba.

Ga irin wannan ɗalibi, makonni 8 na ƙarshe su tafi a kan takardun shekarun baya, ɗaya kowane mako, da biro, da agogo a gaba, a gurbin da bai fi na ainihin takardar ba. Wani ya gyara masa da jan biro, malami ne ko yayansa da ya riga shi zama, kuma duk kuskuren da ya fito sau biyu a kwafe shi a shafin baya na littafin rubutu. A kuma tabbatar littafin da ke cikin wayar shi ne bugun da cibiyar manhaja ta Bakht ar-Ruda ta fitar wa wannan zangon, a tambayi makaranta ko cibiyar da aka yi rajista abin da aka cire daga muƙarrari, wato manhajar jarrabawa. Wanda ya koma wurin dangi a Makka ko Jidda ya shiga makarantar can na ɗan lokaci, nahawunsa da balagarsa suna nan daram, amma waƙoƙin da zai amsa a kansu na littafin Sudan ne, sai ya nemo su ya fara daga shafin farko.